Motata Peugeot 504 na shan mai, an matse kafireto ta koma mutuwa a silo

Malamin Samaru:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kafireto, musamman dattawan da suka yi zamani da Peugeot.

Motata 504 ce doguwa, haɗin Kaduna, mai injin lita biyu. Ta mahaifina ce, Allah Ya jiƙansa, kuma ba ni da niyyar sayar da ita ko ɗora mata injin Japan kamar yadda wasu ke ta ba ni shawara. Kafireton da ke kanta Solex ne mai maƙogwaro biyu, cok ɗinsa na atomatik, ba irin wanda ake ja da hannu ba. Ba ta cin baƙin mai, ba ta zafi, ba ta shuɗin hayaƙi.

Tun shigowar hunturu ta canza hali. Da safe in na tayar da ita sai baƙin hayaƙi da warin ɗanyen fetur su cika tsakar gida, har maƙwabta sun yi magana. In ka shafa yatsa a bakin salansa, baƙi ƙirin. Na kwance fulogi, duka huɗun sun yi baƙi, amma busasshen baƙi ne mai kama hannu, babu maiƙo. Zariya zuwa Kaduna da dawowa, wajen kilomita 160 ke nan, da lita 17 zuwa 18 nake yi a da. Yanzu sai ta lashe 25. Duk mai cin albashi ya san abin da ƙarin lita bakwai ke nufi tun da aka cire tallafin mai a 2023.

Na kai ta wani gareji. Yaron da ya duba ta ko murfin iyakilina, wato matatar iska, bai buɗe ba. Sukundireba kawai ya ɗauka, ya murɗa wani ƙaramin sukuru da ke gindin kafireton ciki, ya ce ya matse mata mai. Tun daga nan silo, wato aikin inji in ba a taka totur ba, ya lalace: tana rawa, in na taka birki a mahaɗa ko na tsaya a danja sai ta mutu. Da na koma, sai ya ɗaga ɗayan sukurun don kada ta riƙa mutuwa, yanzu tana tsaye ma ihu take yi. In na saki totur a gangara kuma salansa na harbi tas-tas. Shan man kuwa yana nan yadda yake, ko cokali bai ragu ba.

Wani direba ya ce in sa a rage mata jet, wato ɗan hujin da ke auna man da ke shiga inji, wai kowa haka yake yi yanzu. Wani kuma ya ce kafireton ne ya gama aiki, in je kasuwar Panteka in ɗauko wani. To ni abin da nake son sani, zagaye nawa ya kamata wannan sukurun ya kasance daga rufe? Rage jet ɗin yana da illa ga inji? In kuma ba sukurun ba ne, daga ina zan fara?

Baba Mai Solex:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya gafarta wa mahaifinka. Kada ka sayi kafireto, kada kuma ka bari a taɓa jet tukuna.

Na shiga koyon aiki a shekarun da kamfanin Peugeot ya fara haɗa mota a Kaduna, cikin 1975, kuma an ci gaba da haɗa 504 a can har bayan shekarar 2000, don haka irin taka ta sha wucewa ta hannuna. Abin da yaran yanzu ba su fahimta ba shi ne, wannan ƙaramin sukurun ba shi ne ke ba mota mai a kan hanya ba. Aikinsa silo ne kawai, da ɗan lokacin da ƙafarka ta fara taɓa totur. Da zarar ka hau titin Kaduna kana tafiyar 80 ko 90, man yana bi ta babban jet ne, sukurun ya tashi daga aiki. Shi ya sa aka matse shi, silo ya mutu, shan mai bai motsa ba. Harbin da salansa ke yi a gangara ma daga nan ne: totur a rufe, man silo ya yi kaɗan, wani bugun bai kama wuta a cikin inji ba, sai ya je ya kama a salansa.

Ka ce tun shigowar hunturu. Wannan kalmar ita na riƙe. Gobe ka yi tafiyar kamar minti ashirin, ka tsaya, ka kashe inji, ka cire murfin iyakilina ka leƙa bakin kafireto. Akwai faranti a sama, shi ne cok. In inji ya yi zafi dole ka same shi a tsaye cak, hanya a buɗe. In ka gan shi a karkace ko da rabi ne, to ga ɓarawon manka nan: yana tare iska, inji na zuƙar mai fiye da ƙima duk tsawon tafiya. Duba gefen kafireton, in akwai ƙananan tiyo biyu na ruwa da ke shiga wani zagayayyen gida, to zafin ruwan inji ne ke buɗe cok ɗin. Sau da yawa tsatsa ta toshe tiyon, ko wani ya cire ya ɗaure. Sannan ka tambaya ko tamostat, abin da ke tsare ruwa a inji har ya yi zafi, na nan. A ƙasar nan an mayar da cire tamostat al'ada, wai don kada mota ta yi zafi. Da bazara ba za ka ga illar sosai ba, amma da sanyin Zariya na Disamba da Janairu ruwan ba ya kai zafin da ake so, cok ba ya gama buɗewa, fetur ba ya gauraya da iska yadda ya kamata. Ni ban yarda da cire shi ba. Mota in tana zafi, lagireto ake wankewa, a duba fanka da famfon ruwa.

Tun murfin na hannunka, ɗaga iyakilinan ka haska shi a rana. In haske bai ratsa ba, ƙurar hunturu ta cinye shi, canza shi.

Na biyu fulot, wato abin da ke yawo a kan mai cikin kwanon kafireto, mai sa allura ta rufe hanyar mai in kwanon ya cika. Tayar da inji, bar shi a silo, ka haska tocila cikin maƙogwaron daga gefe. Ka ji ni da kyau, daga gefe: kada ka ɗora fuskarka a kai, kafireto kan yi aman wuta, kuma kada mai sigari ya matso. A silo bai kamata ka ga mai na ɗiga daga tsakiyar maƙogwaro ba. In yana ɗiga, mai ya yi yawa a kwano. Ko allurar da ke rufe hanyar mai ta cinye, ko datti ya maƙale mata, ko fulot ya huje ya sha mai ya yi nauyi. Cire shi ka girgiza kusa da kunne. In na tagulla ne, tsoma shi cikin ruwan zafi, in ya huje za ka ga kumfa na fita. Akwai kuma wasa, wato ɗan siririn zobe, a ƙarƙashin gidan allurar. A Solex kaurin wasan nan na cikin abin da ke saita tsayin mai, in wani ya yar da ita ko ya sa siririya, mai zai hau. In an taɓa sa maka famfon mai na lantarki, faɗa mini, don da yawa daga cikinsu ƙarfinsu ya fi ƙarfin allurar. In na asali ne mai aiki da inji, zaro sandar awon baƙin mai ka shinshina. Warin fetur na nufin robar famfon ta yage, mai na zuba cikin inji.

Na uku wuta da bawul. Ba a saita kafireto a kan injin da wutarsa ba daidai ba, ɓata lokaci ne. Inji na sanyi, a sa fila geji a auna tazara da milimita: bawul na shigar mai 0.10, na fitar hayaƙi 0.25. In har yanzu kwantak kake amfani da shi, tazararsa 0.40, fulogi kuma 0.6. A duba taimin da fitila, ba da kunne ba. Akwai ɗan tiyo da ya taso daga kafireto zuwa wani faifai a jikin distiributa, mai raba wa fulogi wuta. Cire shi ta ɓangaren kafireto, buɗe murfin distiributan, ka tsotsa. Farantin ciki zai motsa ya tsaya muddin ka toshe da harshe. In iska kawai kake ja, robar ta yage, kuma wannan kaɗai na sa mota shan mai a doguwar hanya.

Na huɗu, iskar sata. Inji na silo, fesa ruwa da ɗan abin feshi a gindin kafireto da inda manifol, bututun da ke kai mai da iska cikin inji, ya haɗu da kan inji. Inda murya ta canza, nan iska ke shiga. Ka matse babban tiyon da ya tafi tukunyar birki da filaya, in silo ya daidaita, daga can ne. Tunda ka ce tana mutuwa in ka taka birki, kada ka tsallake wannan.

Sai ka gama duk waɗannan za ka taɓa sukuru. Babu wani adadin zagaye da ya dace da kowace mota, amma ga wurin farawa. Inji a kashe, murɗa sukurun mai ciki da yatsa biyu har ka ji ya taɓa, kada ka ɗaure, bakinsa siriri ne, in ya yi zobe ya tashi aiki. Dawo da shi waje zagaye biyu. Tayar da mota ta yi zafi sosai, cok a buɗe, iyakilina a rufe a wurinsa, fitilu a kashe. Da sukurun totur, wanda yaron ya ɗaga, sauko da silo wajen 850 zuwa 900. Sai ka koma na mai: kwata-kwatan zagaye, ka dakata ka ƙirga goma, ka saurara. In gudu ya ƙaru, ci gaba ta wannan wajen. In ya fara raguwa ko rawa, koma baya. Wurin da inji ya fi gudu kuma ya fi santsi kake nema. In ka same shi, silo zai hau, sai ka sake sauko da shi da sukurun totur, ka maimaita. A ƙarshe ka mayar da na mai ciki ɗan kaɗan, bai kai kwata ba, daidai inda gudu ke shirin raguwa. Ka ɗan buga totur ka saki, in ta dawo ta zauna ba ta nemi mutuwa ba, an gama.

In ka murɗa sukurun ciki da waje inji bai ko kula ba, to ba ta hanyar silo take shan mai ba. Ko yaron nan ya buɗe totur da yawa har man na fita ta ƙananan hujojin da ke sama da farantin totur, ko silo jet ya toshe, ko kwano na ambaliya.

Direban Sabon Gari:

Baba, a gafarce ni, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ku a gareji kuke, mu ne a kan titi. Ni haya nake yi, Zariya zuwa Funtuwa zuwa Gusau, kuma kuɗin mai ke fara fita kafin in ga na cefane. A tasharmu babu mai tsohuwar mota da bai rage jet ba. Wasu ƙarami suke saya, wasu siririn wayar lantarki ake zura musu a cikin hujin a lanƙwasa bakinsa. Ni an yi mini, kuma na ga sauƙi a aljihuna, ba labari aka ba ni ba. Gaskiya ta rage ƙarfi, in na cika fasinja da kaya sai na sauko giya a hawa, amma wa ke tsere yanzu?

Malam, ni shawarata, ka yi duk abin da Baba ya ce, in ka gama ka rage lamba ɗaya. Mutanen Faransa da suka ƙera motar nan ba su san lita za ta kai inda ta kai a yau ba. Kuma ka lura da inda kake shan mai. Na 'yan bumburutu a galan wani lokaci da ruwa, wani lokaci da ƙasa, shi ke toshe silo jet. Ka sa ƙaramar matatar mai ta roba, mai gani har ciki, kafin famfo. Ba ta da tsada, kuma da idonka za ka ga abin da ta tare.

Injiniya Ɗan Jos:

Bari in sa baki da lissafi, don Baba da Oga Direba kowa na da ɓangaren gaskiya.

Fetur na ƙonewa tas idan kilo ɗaya ya samu iska kilo 14.7. A awon lita, kowace litar fetur na bukatar iska wajen lita 9,000, shi ya sa toshewar iyakilina ba ƙaramin abu ba ne. Inji ya fi ba da ƙarfi idan mai ya ɗan fi haka yawa, wato iska wajen kilo 12.5 zuwa 13, ya fi tsimi kuma idan ya ɗan yi ƙasa, wato iska wajen kilo 15 zuwa 16, amma a tafiya mara nauyi. Saboda haka ba laifi ba ne a ce rage mai na kawo tsimi. Inda matsalar take shi ne babban jet ɗaya ne ke ciyar da tafiya mara nauyi da kuma hawa da kaya. In ka rage shi, ka rage wa duka biyun. Inji na ja da ƙarfi, mai ya yi kaɗan, zafin cikin silinda ya hau, bawul ɗin hayaƙi ke fara ƙonewa, wani lokaci har kan fistan.

Oga Direba, akwai dalilin da ya sa ku da yawa kuke ganin sauƙi. Lambar da ke jikin jet ɗin Solex kusan faɗin hujinsa ne: 120 na nufin milimita 1.20. Shekara talatin ana soka masa waya ko allura da sunan wanki, tagulla kuma ba ta da tauri, sai ya koma 1.30 alhali jikinsa na nan rubuce 120. A ido ba komai ba ne. Amma girman huji ba da faɗi kai tsaye yake tafiya ba, faɗin ake ninkawa da kansa: 1.30 sau 1.30 ya ba da 1.69, 1.20 sau 1.20 ya ba da 1.44. Ƙarin kusan kashi 17 cikin ɗari ke nan. To wanda jet ɗinsa ya buɗe haka, in an sa masa ƙarami, ba rage mai ya yi ba, komawa ya yi kusa da inda kamfani ya ajiye shi. Wanda nasa lafiya lau ne ya kwaikwaya, shi ne zai ƙona bawul. Jet da iska ake busa shi, ko a jiƙa shi a man wanke kafireto, ba a soka masa ƙarfe.

Sai maganar tudu. Jos tana sama da teku da wajen mita 1,200, iskarmu ta fi ta Legas sauƙi da kusan kashi goma cikin ɗari ko fiye kaɗan. Kafireto ba ya auna nauyin iska, don haka motar da aka saita a Legas in ta hau Hawan Kibo sai mai ya yi mata yawa, wadda aka matse a Jos kuma in ta gangara kudu sai ya yi mata kaɗan. Zariya tana tsakiya, sama da mita 600, Kaduna ma kusan haka. Malam, tafiyarka ba ta kai a canza jet saboda tudu ba.

Hanyar da za ka san gaskiyar babban jet ita ce fulogi, amma ba bayan silo ba. Sa sababbi ko wankakku, hau titi ka yi kamar kilomita 15 a gudu ɗaya, sai ka samu wuri mai faɗi ka ratse, ka kashe nan take ba tare da ka bar ta tana silo ba. Bari ta ɗan huce, ka kwance. Farin tangaran ɗin da ke tsakiya ake dubawa. In ya yi kalar ɓawon soyayyar gyaɗa, daidai ne. Busasshen baƙi, mai ya yi yawa. Fari fat ko da ƙuraje, mai ya yi kaɗan, kada ka ci gaba da tafiya a haka. In huɗun ba su yi kala ɗaya ba, nemi iskar sata a manifol ko matsalar wannan silindar.

Awon shan mai kuma kada ka dogara da allurar dashbod. Cika tanki har baki, rubuta kilomita, je ka dawo, sake cikawa a famfo ɗaya, ka raba.

Baba Mai Solex:

Injiniya ya hutar da ni. Direba, ɗan'uwana, ban raina wahalarku ba, 'ya'yana ma haya suke yi. Matatar da ka ce a sa, na goyi baya ɗari bisa ɗari. Amma wayar nan da ake zurawa a jet ita ce ban yarda da ita ba ko kaɗan. Ba wanda ya san nawa ta rage, tana motsi a ciki tana ƙara cin hujin, ranar da ta karye kuma sai ta bi hanyar mai ta toshe inda hannu ba ya kaiwa. Kan injin da ake kawo mini daga tasha, bawul ɗin hayaƙi ya tsage a gefe kamar an yanka, in na tambaya, mafi yawa an yi wannan aikin. Kuɗin sauke kan inji da gasket da bawul da kwanakin da mota za ta yi a ajiye, ka lissafa su tare da man da ka tsimi.

Ka ce tana sa ka sauko giya a hawa. Ka saurara da kyau in ka cika kaya a hanyar Gusau da rana: in kana jin ƙara kas-kas daga inji lokacin da ka danna totur, ko kuma ka kashe makulli ta ci gaba da bugawa kafin ta tsaya, to ta fara gaya maka. In dole sai ka rage, sayi jet na gaske mai lamba, mataki ɗaya, ka gwada fulogi yadda Injiniya ya ce. Ka bar na maƙogwaro na biyu yadda yake, shi ne ke ceton inji in an taka sosai.

Malamin Samaru:

Baba, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara lafiya. Injiniya da Oga Direba, na gode ƙwarai. Na samu wani dattijon bakanike a Tudun Wada, na karanta masa abin da kuka rubuta, muka bi shi ɗaya bayan ɗaya ina tsaye.

Cok ɗin ne farko. Bayan tafiya daga Samaru har cikin gari, muka buɗe muka same shi a karkace, bai wuce rabi ba. Irin mai tiyon ruwa ne kamar yadda Baba ya ce. Da aka cire tiyo ɗaya, ko ɗigon ruwa bai fito ba, wani jan laka ne ya cushe bakin ƙarfen, sai da aka sa waya aka tono shi. Gidan tamostat kuma wayam. Mun sa sabo, an wanke lagireto. Iyakilina da aka buga shi a ƙasa, ƙurar da ta fito ta isa a share. Fulot bai huje ba, amma allurar ta yi zobe a baki, ana jin sa da farce, an canza ta da wasarta. Faifan distiributa da na tsotsa, iska kawai nake ja, shi ma an samo wani. Bawul biyu na hayaƙi sun matse, fila 0.25 ba ta shiga ko kaɗan. Tiyon birki lafiyarsa lau. Jet ba mu taɓa ba, busa su kawai aka yi.

Sukurun mai kuwa, ashe rabin zagaye kawai ya rage ya rufe gaba ɗaya. Mun fara daga biyu, ta fi santsi a wajen biyu da rabi, muka ɗan mayar kaɗan. Hayaƙin safe ya ɗauke sai ɗan na minti ɗaya ko biyu kafin cok ya buɗe, harbin salansa ya tsaya, ba ta mutuwa a danja. Na cika tanki na je Kaduna na dawo na sake cikawa: lita 18 da ɗan kai. A hanyar dawowa na ratse kafin Jaji na duba fulogi, uku sun yi ruwan ƙasa mai kyau, ɗaya ya ɗan fi sauran haske.

Saura abu ɗaya. Silo ba ya zama wuri guda. Wani lokaci in na saki totur ta sauko daidai, wani lokaci ta tsaya sama sai na ɗan buga ƙafa. Da muka fesa ruwa a gefen kafireto, daidai inda sandar totur ta fito, murya ta canza. Na kama sandar da hannu, tana motsi sama da ƙasa. Wannan yana gyaruwa, ko shi ne ƙarshen kafireton?

Baba Mai Solex:

Madalla, ɗana. Yana gyaruwa. Sandar ce ta ci gidanta, iska na shiga ta nan, kuma duk sakin totur farantin da ke jikin sandar na zama a wuri daban, shi ya sa silo ke yawo. Kada ka biya shi da buɗe sukurun mai, kada kuma a ƙara masa sifirin mai ƙarfi, ƙara cin gidan zai yi. Cire kafireton ka kai wa masu injin huda ƙarfe su faɗaɗa hujin su sa bushin tagulla, ɓangare biyun a layi ɗaya. Kafin a kwance farantin a yi masa alama, don gefensa a fiƙe yake, in an juya shi ba zai rufe ba. Ƙananan sukurorin da ke riƙe da shi a daddatse bakinsu ko a sa musu gam ɗin noti, kada ɗaya ya kwance inji ya haɗiye. In an mayar, a haska fitila ta baya a ga faranti ya zauna daidai kafin a ɗaure.

Ka sa sabon gasket a gindi, ka ɗora gindin a kan gilashi ka ga ko ya lanƙwashe, don yawan ɗaure noti na lanƙwasa shi. Fulogin da ya yi haske, fesa ruwa a gasket ɗin manifol daidai wannan silindar. In an gama bushin sai ka sake saita silo daga farko, za ka ga sukurun mai ya nemi komawa ciki kaɗan. Bawul ɗin nan biyu da suka matse kuma a sake auna su bayan kilomita 1,000.